Kawu Idi da Kujerar Safiya

Duk wanda ya taɓa raka Kawu Idi tasha ya san ba a sauri da shi. Ba ya shiga abin hawa sai ya zagaya shi tukuna, ya shuri kowace taya da gefen ƙafarsa, ya karkata kai yana saurare kamar tayar za ta ba shi labari. Mota, babur, adaidaita, har kurar 'yan garuwa in ta tsaya kusa da shi ba ta tsira. Ranar da za a kai 'yarsa Jamila ɗakin miji, mata sun cika mota ana ta guɗa, amarya ta lulluɓe tana kukanta, shi kuwa yana tsugune a baya yana gaya wa direba tayar hagu ba ta da iska. Haka aka sauke kowa aka tafi wajen mai faci. Har yau Jamila tana cewa ita ce amaryar da ta yi kukan barin gida sau biyu, na biyun ma sai da ta ƙaƙaro shi.

Ku abokan aikina na ranar Asabar, ku kuka matsa sai na rubuta wani abu a kansa, wai ni ne ɗan 'yar'uwarsa, kuma ni na fi kowa shan wuyarsa. Ban musa ba. Amma saboda waɗanda suka shigo cikinmu bayan rasuwarsa, bari in faro daga tushe.

Kawu Idi ƙanen mahaifiyata ne. Ya yi aiki har ya yi ritaya cikin masu fararen kayan nan da ke duba lafiyar motoci, suna gwada direbobi kafin a ba su lasisi. Ɗan siriri ne, gajere, babbar rigarsa ta kusa fin shi nauyi, amma direbobin hanyar Dutse zuwa Ringim da sun hango hularsa sai kowa ya tuna da fitilarsa da ta mutu. Da ya ajiye aiki sai ya rasa abin dubawa. Wata uku ya yi a gida yana duba lafiyar murhu da turmi da igiyar guga, har Inna Rabi, matarsa, ta roƙe shi don girman Allah ya riƙa fita yana shan iska.

To a bayan unguwarmu akwai wani falalen dutse, dogo, mai sulɓi, ya gangaro a hankali har ƙasa. Tun muna yara ake sulu a kansa: a tsaga tsohuwar jarka, yaro ya zauna a ciki, ya sulalo yana ihu. Wata safiya Kawu ya bi ta wurin ya tarar yara suna ta sulunsu, ga wasu uku a gindin dutsen suna zaune. Biyu shan inna ya taɓa musu ƙafafu, na ukun makaho ne, Habu, yana jin ihun 'yan'uwansa yana dariya shi ma. Kawu ya ɗaga hannu yadda yake tsayar da tirela, wasa ya tsaya cak. Ya fara tambayar wa ya ba su lasisi. Sai ya nuna ukun nan ya ce su me ya hana su hawa.

Wani mai baki a cikin yaran ya ce, "Ai su ba sa iyawa, Baba."

"Ka gwada su?"

"A'a."

"To ya aka yi ka kayar da su a jarrabawar da ba su zauna ba?"

Tun daga satin nan safiyar Asabar ta zama tasu, daga bayan karin kumallo har zuwa lokacin da dutsen zai fara zafi. Labari ya bazu, iyaye suka fara kawo yara daga wasu unguwanni, wasu a goye, wasu a baro, wasu a kekensu. Yaran ne suka raɗa masa suna Baba Ofisa. Ni kuwa malamin makaranta ne, Asabar ce kaɗai ranar barcina. Ana ce wa aikin namu aikin sa kai, amma ni ban san ranar da na sa kaina ba. A bakin mahaifiyata na ji labari, tana ta sa mini albarka, wai ƙanenta ya gaya mata irin kirkin da na yi. Aikin ba wani boyayye ba ne: wasu su goya yara su haura da su sama, wasu su ɗaura musu bel, wasu su tsaya a ƙasa su tare su. Ni na zaɓi ƙasa, na kuma ce saboda na fi kowa iya tara ne. Gaskiyar magana, tsoron hawa sama nake ji, ko da tsani ne. Shekara shida na yi a gindin dutsen nan ban taɓa yin sulu ko sau ɗaya ba.

Kawu ya mai da abin tasha sosai. Kowace jarka da lambarta, an rubuta da fenti a gaba da baya. Kowane yaro sai an gwada shi a ƙaramin gangare kafin a ba shi lasisi, kwalin sukari ne da aka yanka, da sunansa, da hatimin da Kawu ya sassaƙa da tsohon silifas. Kada ku raina kwalin nan. Na san yaron da ya ƙi yarda a wanke masa riga sati biyu don lasisinsa yana aljihu. Sannan ga dokarsa wadda ba a taɓa karyawa ba: ba yaron da zai hau jarka sai shi Kawu ya fara hawa ya gwada ta. Dattijo mai furfura ya naɗe babbar riga tsakanin cinyoyi, ya shuri jarkar da ba ta da taya ko ɗaya, ya zauna, ya sulalo fuska a murtuke kamar yana tuƙa motar gwamna. Limamin unguwa ya taɓa yi masa magana a sirrance cewa girma ya kama shi. Kawu ya ce masa ai girman ne ya sa shi zai fara, in akwai karaya gara ta samu ƙashin da ya gama aikinsa.

A shekara ta huɗu Malam Bello mai nono ya kawo 'yarsa Safiya. Tana da shekara tara a lokacin. Wani ciwo ya taɓa ta tun tana jaririya, bayanta da wuyanta ba sa riƙe ta, in an zaunar da ita sai an tokare ta da matashi ko ta kife. Hannunta na dama ne kaɗai ke ɗan yi mata biyayya. Maganarta a hankali take fita, sai ka jira, amma in ka jira za ka ji abin da zai sa ka dariya ko ya sa ka kunya. Jarka ba ta yi mata ba, don jarka sai wanda zai iya zama da kansa. Kawu ya zagaya ta sau biyu kamar sabuwar mota, ya auna bayanta da igiya, ya ce a jingina ta a inuwa tukuna. Ta tambaye shi yaushe layi zai zo kanta.

Ya ce, "Motarki tana gareji."

Duk Asabar sai ta yi tambayar nan, duk Asabar amsar ke nan. Shekara biyu cur. Mu da ke wurin mun daina haɗa ido da ita in ta yi tambayar, don ni dai a raina na yanke cewa ba za ta taɓa hawa ba, Kawu yana lallashinta ne kawai.

Kun san shi da ƙin sayen abu. A ra'ayinsa duk abin da ake bukata a duniya an riga an yi shi, yana nan yashe a bayan gidan wani. Bel ɗin da muke ɗaura wa yara daga matattun motoci ya kwanto su a garejin kanikawa, waɗanda har yanzu tsoronsa bai sake su ba. Jarkoki kuwa, Inna Rabi ta kai ga ɗaure nata da igiya a jikin turken akuya, don in ta juya baya sai ta tarar an rubuta wa jarkar ruwanta lamba. Hular kwano ya bi gida gida wajen tsofaffin 'yan acaɓa yana tarawa. A wani gida aka ce akwai guda mai kyau, sai dai kaza ta yi ƙwai a ciki tana kwanci. Kawu ya leƙa, kazar ta harare shi, ya ce ba komai, mai wuri ta riga shi. Ya riƙa zuwa duba ta duk bayan kwana biyu kamar mai dubiyar mara lafiya, yana tambayar mai gidan ko an samu ƙaruwa. Ranar da ta ƙyanƙyashe ya karɓo hular, ya kuma dawo da ɗan tsako ɗaya, ya ce ladan jira ne.

Wannan tsimin ne ya jawo mana abin da har yau in na tuna sai na sosa wuya. Ana bukatar abu mai laushi a gindin dutse inda jarka ke tsayawa. Muka ce a kawo yashi. Kawu ya ce yashi sai an ɗauko mota, alhali ga manoma sun gama sussuka, ƙaiƙayin gero tuli a kowace gona ba mai so. Mutumin da ya yi rayuwarsa a bakin kwalta, bai taɓa sussuka ba. Malam Bello ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ce masa kowa ya tsaya a fanninsa. Aka jibge ƙaiƙayi kamar katifa. Bisa doka shi ya fara, ya sulalo ya nutse a ciki har wuya, ya fito ya ce lafiya lau, a saki motoci. Mun ga yana ɗan murza kafaɗa a jikin bishiya, muka ɗauka gajiya ce. Kafin minti goma yara goma sha wani abu suna susa, masu tara suna susa, ni da na fi kowa kusa da abin na cire riga. Da rana iyaye mata suka yi layi a ƙofar gidansa. Daga cikin ɗaki, jikinsa shafe da man shanu, ya aiko Inna Rabi ta gaya musu cewa ta fannin birki dai ƙaiƙayi ya ci jarrabawa. Da Asabar ta zagayo muka tarar da yashi, ba wanda ya tambayi yadda aka yi.

Habu makaho ya samu lasisinsa tun farko, amma kullum in ya iso ƙasa sai ya ƙanƙame jiki ya buge haɓa da gwiwa. Kawu ya yi ta yi masa faɗa cewa ya saki jiki. Ranar nan Habu ya gaji ya ce, "Baba Ofisa, kai kana ganin inda za ka tsaya." Kawu ya kwance rawanin wani dattijo da ya zo kallo, ya naɗe idonsa da shi, ya hau jarka. Wannan ne karon farko da muka ji muryarsa a kan dutse, yana salati tun daga sama har ƙasa, ya iso a karkace ya tumurmusa cikin yashi. Ya tashi yana tofar da ƙasa, ya je gaban Habu ya ce ya yafe masa, shi ne bai san aikinsa ba. A wannan satin ya samo tsohuwar ƙararrawa irin ta makarantar firamare, ya ɗaura wa Safiya a hannunta na dama. Tana jingine a gindin dutse, in makaho ya taho sai ta kaɗa, ya san ina ya nufa, ya kuma san saura kaɗan. Aiki ya yi kyau ƙwarai, ita ma ta ji daɗinsa, har takan ƙi kaɗa wa duk wanda ya tsokane ta sai ya ba ta haƙuri. Amma bai sa ta manta ba. Tana gama aiki sai ta tambayi motarta.

Ni ne na jawo maganar kujera, ba da niyya ba. Na ga wani bidiyo a waya, a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, an zaunar da yaro irin Safiya a wata kujera mai jingina, an ɗaure shi, yana gangarowa daga tsauni, wani babba yana binsa a baya riƙe da igiyoyi biyu. Na nuna wa Kawu don ya sha mamaki. Ya sa tabarau ya kalla sau uku. Ya ce su ma ashe sulu suke yi, garinsu ne dai ya fi namu sanyi. Ya ce motar ba lamba, kuma bai ga an shuri komai ba. Sannan ya riƙe wayar kwana biyu, ni da kayata sai aro nake.

Kujerar roba fara ta Inna Rabi ce ta fara tafiya, wadda take zama a kai in tana tankaɗe. Ya yanke mata ƙafafu, ya ɗora ta a kan katako, ya shimfiɗa bayan jarka biyu a ƙasa don sulɓi, ya sa bel uku, ya cusa soso ta gefe da gefe wanda za a iya cirewa in babba zai zauna. Ya hau ya gwada, ta juya da shi ya iso ƙasa da baya. Ya sake wata, ta kife. Ta uku ta tafi daidai, amma ya ce tana girgiza wuya. Kafin ya gama gyaran wuya Safiya ta ƙara tsawo, awon da ya yi da igiya ya tashi a banza. Ya tsare Malam Bello da faɗa wai me suke ba yarinyar nan, mutum yana aiki ana canza masa awo. Malam Bello ya ce nono ne, kuma ba shi da niyyar dainawa. Unguwa kuwa duk mai kujerar roba ya koma shigar da ita ɗaki in ya hango Kawu.

Ta shida ce ta yi. Ya gama ta ranar Laraba, ya rubuta mata lamba, ya aika wa Safiya cewa motarta ta fito daga gareji, Asabar zai gwada ta. Ranar Alhamis ɗan tsakon nan na ladan jira, wanda ya zama ƙaton zakara, ya shiga shanyar Inna Rabi. Kawu ya bi shi da gudu a tsakar gida, santsin bakin rijiya ya kwashe shi. Mutumin da ya shekara shida yana gangarowa daga kan dutse bai ko gurɗe ba, ga shi a kwance ƙugu ya karye saboda zakara. Da aka kawo motar da za ta kai shi asibiti, muna ɗauke da shi yana nishi, ya ce a tsaya. Sai da na shuri tayoyin huɗu yana saurare sannan ya yarda aka sa shi.

Ya dawo gida bayan sati uku, amma bai dawo yadda yake ba. Ya rame, abinci ba ya shiga, likita ya ce ko tsayuwa sai an riƙe shi, maganar dutse kuwa a manta da ita. Muka ci gaba da Asabar da tsofaffin jarkokin da ya riga ya gwada. Kujera tana jingine a zaurensa ƙura tana hawa. Safiya ta daina tambaya, kuma wannan ya fi tambayar ciwo. Tana zuwa, ta kaɗa ƙararrawarta, a mai da ita gida. Ga shi tana ƙara girma, mun san in aka ƙara wata biyu ko uku kujerar ba za ta ɗauke ta ba, mai yin ta bakwai kuma yana kwance.

Muka je mu uku muka same shi da dabara. Muka ce za mu auna gero daidai nauyin Safiya, mu ɗaure buhun a kujera mu sake shi, in ya isa lafiya shi ke nan an gwada. Ya saurare mu har muka gama.

Ya ce, "In ya isa ƙasa, wa zai tambaye shi inda ya yi masa ciwo?"

Ya sallami sauran ya ce ni in tsaya. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa motar da aka yi wa sabon fenti don a ɓoye tsatsa.

"Nasiru, kai za ka hau."

Na fara kame-kame, na ce ai ni fannina tara ne, kuma bayana yana ɗan damuna kwanan nan. Ya ce in daina wahalar da kaina, tun Asabar ta farko ya san tsoro nake ji, yaran ma duk sun sani, Safiya ce ta hana su yi mini dariya. Ya ce saboda haka ma ya zaɓe ni. Jarumi zai sauko ya ce lafiya lau, kamar yadda shi ya yi a ƙaiƙayi. Matsoraci kuwa ba abin da zai wuce shi bai ji ba.

Ranar Asabar aka kawo shi a adaidaita, aka shimfiɗa masa katifa a inuwa kusa da Safiya. Ya sa aka kawo kujerar gabansa ya ƙwanƙwasa ta da sanda ta kowane gefe. Aka haura da ni sama. Umarnin da ya bayar shi ne a ɗaure ni yadda ba zan iya taimakon kaina ba, tunda ita ma ba za ta iya ba: ƙafafu a haɗe, hannun hagu a jikin ƙirji, wuya a sake. Malam Bello ya riƙe igiyoyi biyu a baya, ya cire takalmi don ya bi ni a guje. Na leƙa ƙasa na hango mutane ƙanana, na ce a ɗan dakata in yi addu'a. Ina cikin addu'ar aka sake ni.

An ce ihun da na yi an ji shi a bakin titi. An ce Innata na riƙa kira, ni da nake da 'ya'ya huɗu. Ni dai abin da na sani shi ne ƙarar ƙararrawa tana matsowa, sai na ji ni a cikin yashi, da raina. Yara suna ta birgima don dariya. Kawu ko murmushi bai yi ba, ya sa aka jawo ni gabansa a ɗaure ya ce ina ya yi mini ciwo. Na ce ko'ina. Ya ce in nutsu in yi magana irin ta masu ilimi. Da na nutsu sai na ji wani raɗaɗi a ƙarƙashin kunnena na hagu, na taɓa, ga jini kaɗan. Ashe in kai ya faɗa gefe, bakin bel ɗin sama yana yankan wurin. Shi bai taɓa ji ba, don duk gwajin da ya yi wuyansa a ƙage yake, bai san yana riƙe shi ba.

Ya cire hularsa, tsohuwar hular nan da ba mu taɓa ganin kansa babu ita ba, ya ninke ta biyu, ya sa aka naɗe bakin bel ɗin da ita aka ɗinke. Na ɗauka an gama. Ya ce a mai da ni sama. Sau huɗu na sauko a ranar, a na huɗun ne kawai ban kira kowa ba, shi ma don murya ta ƙare ne.

Sannan aka mayar da soson, aka goya Safiya aka hau da ita. Sai a lokacin muka tuna ba mai kaɗa ƙararrawa. Kawu ya miƙa hannu aka ɗaura masa. Na tsaya a ƙasa, wurin da nake tare yara, ina kallon farar kujera a can sama da ɗan kai a cikin hular kwano, da mahaifinta a baya ya naɗe igiya a hannu biyu. Suka taho. Ba ihu, ba motsi, sai ƙarar jarka a kan dutse da ƙararrawar Kawu, wadda yake kaɗawa da duk ƙarfin da ya rage masa. Kujera ta shiga yashi ta tsaya a gabana daram. Idonta a buɗe, bakinta yana motsi, muka jira maganar ta fito yadda muka saba. Malam Bello yana haki, hawaye yana bin gemunsa.

Ta ce, "Baba Ofisa... motar ba ta gudu."

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a gaya wa mai riƙe da igiya ya daina yi wa direba katsalandan. Sau uku ta sake hawa, a na ƙarshe muka ji muryarta tun daga sama. Da aka kawo ta kusa da shi ya laluba aljihu ya fito da lasisinta. Kwalin ya yi laushi, gefensa ya cinye, tawadar ta koɗe. Tun ranar da aka fara kawo ta ya rubuta shi, hatimi kawai ya rage, shekara biyu yana yawo da shi a aljihu. Ya hura wa hatiminsa na silifas iska ya danna. Na ji kunyar abin da na yanke a raina game da shi, har yau ina jin ta. Don in kawar da ita na ce to ni ina nawa, sau huɗu fa. Ya ce na faɗi, direba ba ya kiran uwarsa a kan hanya.

Bai sake zuwa dutse ba. Bayan sati biyar, ranar wata Talata da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Da aka kawo makara aka ajiye a ƙofar gida, ban san lokacin da ƙafata ta je ta shuri ƙafar makarar ba. Na ɗago a tsorace, sai na ga rabin mutanen da ke wurin sun sunkuyar da kai kafaɗunsu suna rawa, har da liman.

Bayan addu'ar bakwai Inna Rabi ta kira ni ta ba ni wata leda, ta ce ya ce a ba ni. Hatimin silifas ne a ciki, da igiyar awo, da kwalin sukari guda ɗaya da sunana a kai. A wurin da yake rubuta wa yara ajin lasisi, ni ya rubuta mini: Mai gwaji. Shi zai fara.

Shi ya sa kuke ganina duk Asabar a can sama ina karanto duk addu'ar da na sani. Tsoron bai tafi ba, kuma na daina fatan ya tafi. Muna kan kujera ta takwas yanzu, don Malam Bello bai daina ba ta nono ba, hular Kawu kuwa muna cire ta daga tsohon bel mu ɗinka a sabo.

Allah ya jiƙan Kawu Idi, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ɗawainiyar da ya yi da yaran nan ta tare shi a inda ya sauka. Yadda bai taɓa barin yaro ya hau abin da bai gwada ba, Allah ya sauƙaƙa masa tasa hanyar, ya sa ya isa lafiya. Ya ba Inna Rabi haƙuri, ya raya mana Safiya da 'yan'uwanta. Amin.